Game da wahalar farko a Final Fantasy VII

Ɗan'uwa, ka ce ka fara buga Final Fantasy VII a tsohuwar PlayStation da ka saya a kasuwar Alaba ta Legas, amma mutanen cikinsa sun yi maka kama da 'yan tsana, faɗan yana tafiyar hawainiya, kuma sau biyu kana rasa abin da ka yi. Ni ma haka na ji a makon farko.

Wasan na 1997 ne, kamfanin Square ya fitar da shi a fayafayai uku, saboda haka idonka zai ɗauki kwanaki kafin ya saba da zanensa. Shi kuwa faɗan ba na saurin yatsa ba ne, domin kowane jarumi sai ma'aunin lokacinsa ya cika kafin ka ba shi umarni, kuma daɗin yana cikin yadda ka jera duwatsun Materia, wato duwatsun da ke ba jarumi sihiri da ƙwarewa, a ramukan makami da sulke. Idan ka haɗa dutsen Restore (na warkarwa) da na All (mai yaɗa sihiri ga kowa) a ramuka biyu masu haɗe, za ka warkar da dukan tawagarka lokaci guda, abin da sabbin shiga da yawa ba sa lura da shi.

Babban kuskure shi ne wuce wurin ajiya. A cikin birnin Midgar, inda wasan yake farawa, ba ko'ina ake ajiye wasa ba, kuma da irin wutarmu ta nan Agege, duk wurin ajiyar da ka gani ka tsaya. Kada ka yanke hukunci sai ka fita Midgar.

Idan faifan yana tsayawa, kada ka buɗe na'urar da kanka; ka kai wa mai gyara a kasuwar Computer Village ta Ikeja ya duba idonta mai karanta faifai.