Amsa ga mai neman karen gadi alhali da ƙananan yara a gida

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa kun koma sabon gida can wajen Barhim, ɓarayi na hauro maku katanga, kana son aje kare amma yaranka uku babban ma bai wuce shekara 7 ba, wane iri za ka saya. Ni shekara 9 ke nan ina aje kare a nan cikin Katsina, kuma da kuskure na fara.

Na farko da na sayo irin Caucasian ne daga Jos, girmanshi da gashin nan suka ruɗe ni. To karen asalinshi na duwatsun ƙasashen sanyi ne, zafin watan Afrilu da ya shigo, ma'auni ya haura 40, wallahi yini yake kwance ƙarƙashin mota shina haki, ga kaska ta shige cikin gashin ba ka ma ganinta sai ta ƙoshi ta yi jajir, ga ci kamar me, dole na maida shi inda ya fito. Boerboel ɗin Afirka ta Kudu shi yana jure zafi, amma kare ne mai haura kilo 60, ko da wasa ya bangaje yaro ɗan shekara 3 ai sai asibiti. Shi da Rottweiler ban ba ka shawara tunda ba ka taɓa riƙon kare ba.

In ka matsa sai na waje, karen 'yan sanda wato German Shepherd yana jin horo kuma yana sabawa da 'yan gida. Labrador ya fi shi sanyin hali da yara, sai dai gadinshi ba yawa, kowa abokinshi ne.

Amma ni abin da ya zauna mani shi ne karenmu na gida, irin na mafarauta. Gashi gajere, ya saba da rana, ɗumamen tuwo da ɗan ƙashi daga mahauta sun ishe shi, kuma ko kaza ta gitta da dare sai ya yi haushi, ai abin da kake nema ke nan. Ka ɗauko ɗan kwikwiyo mai wata 2, ka je da kanka ka ga uwar, in mai yawan cizo ce ka haƙura. Kar ka yarda a ba ka babban kare da ba ka san inda ya tashi ba.

Da ya cika wata 3 ka kai shi asibitin dabbobi a yi mashi allurar ciwon hauka, a riƙa maimaitawa duk shekara, da maganin tsutsa. Don Allah kar ka yi wasa da wannan, ciwon nan da zarar alamunshi sun bayyana a jikin mutum to babu magani. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a wuce asibiti, ba a tsaya shafa toka ba.

Ɗiyata tana da shekara 4 ta taɓa sa hannu a kwanon karena shina cikin ci, ya kai mata cizo a hannu, Allah ya tsare bai huda ba, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Tun ranar na yi mashi keji a bayan gida nesa da madafi da wurin salla, yini a kulle, sai yara sun shiga ɗaki bayan isha'i nake sakinshi, kuma ko ruwa za su kai mashi sai ina tsaye.