Filawud mai kauri ko ƙusa mai yawa: ina zan sa kuɗina?

Tambaya: Ina son ɗora ɗakin katako a saman shagona. Kafinta ya ce in sayi filawud mai milimita 18 maimakon 12, don kada ɗakin ya riƙa rangaji idan iskar farkon damina ta taso. In ƙara kuɗin? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, sayi mai 12, rarar kuɗin ka zuba ta a ƙusa da ƙarfen ɗauri. Idan iska ta tura bangon katako, samansa na gocewa ta hanya huɗu: ginshiƙan gefe su lanƙwasa, allon ya murɗe, ƙusoshi su sulluɓe, ko gindin bango ya ɗaga. Kaurin filawud murɗewar allo kawai yake ragewa sosai, alhali ƙusa da gindi ne suka fi kawo matsala.

Injiniyoyi kan so gocewar hawa ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin 400 na tsayinsa. Bango mai mita 2.4 ke nan milimita 6 kacal aka yarje masa. Ya zarce haka, ƙofa ta fara cijewa, gilashin taga ya tsage.

To dubi gindi. Bango mai tsayin mita 2.4 da faɗin 1.2, idan ƙarfen da ya ɗaure ginshiƙinsa da kankare ya yi wasan milimita 3, sama za ta goce 6. Kason ya ƙare tun ba a lissafa ƙusa ba! Shi ya sa ramin bol ɗin da ke riƙe ƙarfen kada ya fi bol ɗin faɗi da sama da milimita 1.5, kuma a bar sashen bango mai faɗi wanda taga ba ta yanka ba.

Ƙusa mai inci biyu da rabi za a sa, tazarar santimita 15 a duk gefuna huɗu na allo, 30 a tsakiya, kowane gefe yana kwance kan katako. Kada a buga har kanta ya nutse cikin allon.

Abin da ya fi damunmu a Sakkwato shi ne ɗanyen katako. Daga Kudu yake zuwa da laima, hunturu ya tsotse shi, ya motse, noti ya saki. Sayi busasshe, a shafa maganin gara, a sake ɗaure notuna bayan hunturun farko. Kafin komai, injiniya mai rajistar COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya) ya duba ko rufin shagon zai ɗauki nauyin.