Likita ta bidiyo a makaranta: in sa hannu ko in ƙi?

Tambaya: Likita, makarantar 'yata ta kawo tsarin duba yara ta bidiyo, an ce iyaye su sa hannu. Tana da asma, kuma hankalina bai kwanta ba. Yaya wanda bai taɓa ta ba zai san abin da ke damunta?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da gaskiyar damuwa. Ki sa hannu, amma sai kin je kin ga ɗakin da idonki, kin tambayi wa ke tsayawa kusa da yaro. In ma'aikaciyar jinya ce mai horo, ita ce hannun likita: za ta auna zafin jiki, ta maƙala na'urar auna oksijin a yatsa, ta ɗora abin sauraron ƙirji mai aika sauti, likita na jin numfashin daga inda yake. Ciwon kunne, jan ido, ƙuraje da bibiyar asma duk ana yin su haka, yaro ya koma aji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum shi ne zaton cewa kowace matsala sai a jira likita ya bayyana a allo. Yaro na haki, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa haɗa jimla ɗaya, leɓensa ya fara sauya launi, malamai kuwa na zagaye da waya suna neman sabis, wani ma na cewa sai shugaban makaranta ya ba da izini. Wane izini? A zaunar da shi, a ba shi maganin shaƙarsa na salbutamol nan take, a nufi asibiti. Haka ma a garzaya asibiti a kan farfaɗiyar da ta wuce minti 5, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko yaron da aka kasa farkar da shi. Allo ba ya ba da oksijin.

Kuma tura hoton maƙogwaron yaro ta WhatsApp wani ya rubuto sunan antibayotik ba duba lafiya ba ne, likitancin bogi ne. Yawancin mura da tari ƙwayar bairos ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa ta.

Ki bar musu maganin shaƙa ɗaya da sunanta a jiki, da rubutaccen umarnin likitanta, kuma su faɗa miki asibitin da za su kai ta da motar da za ta ɗauke ta.