Gatarin aradu ne, ko kayan manyan mutanen da?

Tambaya: Ƙanena ya tono wani dutse a gona, sumul, bakinsa kamar na gatari. Wani mai magani ya ce gatarin aradu ne, a fasa shi akwai sinadari mai tsada a ciki. Malamin makarantarmu kuma ya ce kayan sarautar mutanen da ne. Inna ta ce a fitar mata da shi daga gida kafin damina ta faɗi. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Hannun mutum ne ya sassaƙa dutsen nan, ya goge shi. Ba ya jawo tsawa.

Maganar malamin makaranta tana iya zama gaskiya, amma fara duba bakin. Idan ya dakushe ko ya ɓantare, kayan aiki ne, an sari itace da shi. Na nuna isa daban yake. A Turai an haƙo wani koren dutse, jedayit, a tsaunin Monte Viso na Italiya, aka yi gatura da shi, suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 har Ingila da Sikotilan. Guda ɗaya an tsince shi a gefen wata hanyar katako a yankin Somerset na Ingila, wadda aka gina a shekara ta 3807 kafin Miladiyya. Ko ƙota ba a taɓa sa masa ba. Kyau da nisan inda ya fito su ne darajarsa.

Batun fasawa kuwa, na gaji da jinsa. Sau nawa aka kawo mini gutsattsari a leda, mai su yana zare ido wai zaiba ko zinariya yake nema a ciki? Dutse ne har cikinsa. Mai maganin nan ko dai bai sani ba, ko yana so ku tsorata ku miƙa masa kyauta, ya kai wa dillali. Haka aka yi wa yankin Nok na kudancin Kaduna, mai kayan tarihi binne a ƙasa: masu haƙa suka birkice ƙasa, kaya suka tsallaka waje, aka rasa sanin me ke kusa da me. Gawayi ko katangar tukunya da ke gefen dutsen, su ke faɗa mana shekarunsa, su ke nuna ko a kabarin babba aka ajiye shi. Da zarar an tumɓuke an watsar, shi ke nan.

Kada ku kankare shi, kada ku ƙara tona wurin. Ku sa alama, ku ɗauki hoto, ku sanar da gidan tarihi mafi kusa, na Jos ko Gidan Makama a Kano. Za su iya ɓata muku lokaci da takardu, ku daure. Mai maganin kuma kada a sake ba shi ko riƙewa.