Me Ya Sa Mutane Ke Ɓacewa a Cikin Manhajarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun ƙera manhajar ajiya da tura kuɗi, amma kullum ƙorafin ɗaya ne: mutane ba sa gano inda rasit yake, wasu kuma su fara tura kuɗi su bari a rabi. Da muka tambaye su, kowa ya ce manhajar ta yi kyau. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Wanda aka tambaya a gaban mai kaya ba zai kushe kayan ba, kuma ya riga ya manta inda ya yi ta lalube. Ku ajiye tambaya, ku zauna ku kalli inda yatsansa ke zuwa.

Mutum biyar sun isa zagayen farko na wannan gwajin. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya nuna a 2000 cewa biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Sai dai kada a ɗauko ma'aikatanku, don sun san hanya tun ba yau ba. Idan masu amfani da manhajar iri biyu ne, misali 'yan kasuwa da masu albashi, a samo uku ko huɗu daga kowane ɓangare. A ba su asusun gwaji mai kuɗin bogi. Babu wanda zai shigar da lambar sirrinsa ta gaskiya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen rubuta aikin da za a ba mai gwajin. Idan sunan maɓallin "Tarihin hada-hada" ne, kuka ce wa mutum "buɗe tarihin hada-hada", kun riga kun ba shi amsa. A ce masa: "Jiya ka tura wa wani kuɗi, ya ce bai gani ba. Nuna masa shaida." Daga nan a yi shiru. A roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana latsawa. Ko ya makale ya kalle ku, abin faɗa ɗaya ne: "Ina kake ganin za ka duba?" Shirun nan akwai wuya, amma da zarar an nuna masa, gwajin ya lalace.

A rubuta abu uku: ya kammala ko bai kammala ba, daƙiƙa nawa ya ɗauka, da wurin da ya fara latsawa. Na ukun ya fi amfani. Idan mutum uku cikin biyar suka nufi wuri guda da ba daidai ba, to can ne mazaunin rasit ɗin a tunaninsu, kuma can ya kamata a kai shi.

Abin da aka saba tararwa: kalmomin ma'aikatan banki da abokin hulɗa bai sani ba, alama ba rubutu a ƙarƙashinta, da ayyukan yau da kullum da aka tura bayan maɓallin nan mai layuka uku na kusurwar allo. A fito da ayyuka uku zuwa biyar mafi muhimmanci a jera su a ƙasan allo.

Kada neman gajarta hanya ya sa ku cire shafin da ke nuna sunan mai karɓa da adadin kuɗi kafin a tura. Masu bari a rabi sau da yawa tsoron kuskure ne ke korarsu, wannan shafin ne ke kwantar musu da hankali.

Bayan gyara, a sake gwadawa da sababbin mutum biyar, da ayyukan nan na farko, don a iya kwatanta sakamakon.