Wace Rumfa Ta Dace da Keke Mai Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 na sayar da babur ɗina, na sayi ƙaramin keke mai ƙafa uku mai aiki da batir, da shi nake zuwa aiki. Rufin sama kawai gare shi, don haka daminar bara na sha dukan ruwa. Mai walda ya ce zai ƙera mini ɗaki na ƙarfe da ƙofofi, wani kuma ya ce labulen tampol ya wadatar. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka ɗinka labulen tampol mai tagogin leda mai kauri, irin wanda ake naɗewa sama a ɗaure, sannan ka zuba mafi yawan kuɗinka a gilashin gaba.

Ka duba yadda shekara take a Kano. Ruwa mai ƙarfi yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi yawa a Agusta, amma daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 har ya haura. Ɗakin ƙarfe da aka yi wa walda ba ya cirewa, kuma ranar da ka fito daga aji da azahar a watan Afrilu za ka tarar da shi kamar tanda. Labule kuwa idan ruwa ya ɗauke sai ka naɗe abinka iska ta ratsa.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyi. Keke mai taya ɗaya a gaba ba shi da tsayuwar mota, kuma duk ƙarfen da aka ɗora masa a sama yana ƙara masa saurin kifewa a kwana, musamman idan aka taka birki ana tsakiyar karyawa. Nauyin nan kuma batir ne yake biyansa, domin a tafiyar cikin gari mai yawan tsayawa da tashi, kowane kilo da aka ƙara yana rage nisan da caji ɗaya zai kai ka. Ban da haka, mai walda zai huda ƙarfen jikin keken, alhali wayoyi sukan bi ta cikinsa ko ta gefensa, kuma dillalai da yawa suna janye garanti da zarar an taɓa jikin. Shi labule da maɗauri ake kama shi, ba ya buƙatar huji ko ɗaya.

Game da gilashin gaba, kada ka yarda a sa maka gilashin taga na gida, wanda idan ya fashe yake zama kamar wuƙaƙe. Ka nemi gilashin mota mai rufi biyu da leda a tsakani, wanda ko ya tsage ba ya tarwatsewa, kuma shi ne yake jure waifa, wato abin share ruwa daga gilashi. Akwai roba mai suna polikabonet, ba ta da nauyi kuma da wuya ta fashe, sai dai tana saurin karcewa, idan kuma ba a yi mata shafen kariya daga rana ba takan yi rawaya. Na taɓa zama a bayan wani direba da dare, ledar gabansa duk ta karce, fitilar kowace mota ta zo sai ta baje masa kamar hazo, har sai da ya riƙa leƙo kansa ta gefe don ya ga hanya. Tun daga ranar na daina ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu.

Idan ka je wurin mai ɗinki, ka ja zif ɗin da hannunka sau da yawa, ka tabbatar haƙoransa manya ne, domin ƙurar hunturu ƙananan haƙora take fara cinyewa. Ka zauna a kujerar ka duba ko kana ganin madubin gefe sosai ta cikin ledar. A bar 'yar kafa a sama don numfashi ya fita, in ba haka ba gilashi zai yi gumi daga ciki.

Tambaya: Ni uwa ce, da irin wannan keke nake kai yara makaranta. Idan na rufe shi ruf, batir ba zai samu matsala ba?

Amsa: Hajiya, kin yi tambaya mai muhimmanci. Keke mai lantarki ba ya fitar da hayaƙi, don haka rufe wurin zaman yara ba shi da haɗarin da yake da shi a mai fetur. Amma kada tampol ya toshe wurin da batir yake, ko akwatin da ke sarrafa wuta, wanda makanikai ke kira kwanturola, domin iska ce take sanyaya su. Batirin litiyom ba ya son a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45, saboda haka a yi cajin a inuwa, labule a buɗe, bayan keken ya huce. Idan kuma batirin mai ruwa ne irin na mota, yana fitar da iskar da ke kama wuta yayin caji, wannan ma dalili ne na buɗe labulen. Ki kuma sani cewa rumfa daga sama take kare ruwa, ba ta hana wanda ya taru a titi shiga injin keken da wayoyinsa, don haka idan kwata ta cika ta malalo, gara ki jira ya janye. Ranar iska mai ƙarfi kuma ki naɗe labulen gefe ko ki tsaya, domin guguwar farkon damina tana iya tura keke rufaffe zuwa tsakiyar titi.

Tambaya: Yaya zan kula da ledar kada ta dushe?

Amsa: Kada ka goge ta a bushe, ƙurar da ke kanta ita ce take karce ta. Ka fara kwarara mata ruwa, sannan ka bi da tsumma mai laushi da sabulu kaɗan, ban da fetur ko kananzir. Naɗe ta ake yi, ba a ninke ta, kuma da sanyin safiyar hunturu takan yi tauri, sai ka bari rana ta ɗan taɓa ta kafin ka naɗe.