Wace risiba zan saya da ɗan kuɗin da ke hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni magidanci ne a Funtuwa. Risibarmu ta haura shekara goma, yanzu wasu tashoshin sai murya ba hoto, wasu kuma sun ɓace ɗungurungum. Na je kasuwa, mai shago ya nuna mini kala uku, ya ce wadda aka rubuta 4K a kwalinta tana buɗe tashoshin ƙwallo kyauta. Kuɗina ba yawa. A gida tashoshin Hausa muke kallo, sai tashar Harami da mahaifiyata ba ta rabuwa da ita. Talabijin ɗinmu tsoho ne, kuma da sola muke kunna shi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Bari in fara da tsohuwar risibarka, don abin da ya same ta shi zai nuna maka abin da za ka nema a sabuwa. Ba lalacewa ta yi ba, zamani ne ya wuce ta. Risibobin da aka yi ta shigo da su a wancan lokaci, da yawansu tsarin DVB-S na karɓar sigina daga tauraro da tsarin MPEG-2 na hoto kawai suka iya. Daga baya gidajen talabijin suka koma MPEG-4, saboda yana matse hoto ya rage musu kuɗin hayar tauraron ɗan'adam. Idan tasha ta canza tsarin hoto amma ta bar na murya yadda yake, tsohuwar risiba za ta kawo maka magana, fuskar talabijin kuwa baƙi ƙirin. Waɗanda suka ɓace gaba ɗaya, ko dai sun koma DVB-S2 wanda ita ba ta ma ganinsa, ko sun canza firikwansi, ko sun yi ƙaura zuwa wani tauraron.

Saboda haka abu biyu za ka fara dubawa: DVB-S2, da H.265, sabon tsarin matse hoto wanda wasu kamfanonin ke rubutawa HEVC. Mafi arhar risiba a kasuwa yau tana da DVB-S2 da H.264, wato MPEG-4, kuma za ta buɗe maka akasarin tashoshin kyauta a halin yanzu. Amma wasu tashoshi sun fara komawa H.265, kuma mai H.264 zalla ba ta buɗe su. In ka saye ta, ciwon murya ba hoto zai sake dawo maka wata rana. Bambancin kuɗin ba ya da yawa idan ka auna shi da sake sayen wata. A nan ne kawai nake ba ka shawarar ka daure ka ƙara.

Batun 4K kuwa, ka manta da shi. Sau da yawa ado ne kawai a jikin kwali, in ka shiga menu sai ka tarar iyakar hotonta 1080. Ko da ta gaske ce, tsohon talabijin ɗinka ba zai nuna ba, kuma akasarin tashoshin da kuke kallo ba a 4K suke watsa shiri ba. Abin da ya shafe ka shi ne ka juya bayanta ka ga tana da ramukan AV, masu launin rawaya da ja da fari, ban da na HDMI. Ƙananan risibobin nan da ake maƙalawa bayan talabijin, wasu HDMI kaɗai gare su, wasu kuma rami ɗaya ne irin na abin kunne, sai da wayarsu ta musamman. In irin wannan ce, ka tabbata wayar tana cikin kwalin kafin ka bar shago.

Yanzu ga maganar ƙwallo kyauta, kuma ita ta fi damuna a cikin wasiƙarka. Tashoshin da ke nuna gasar Ingila da ta zakarun Turai na kuɗi ne, kamfanoni irin su DStv da Canal+ sun biya maƙudan kuɗi sun kulle su. Risibar da ake cewa tana buɗe su, satar hanya take yi: ana haɗa ta da intanet, tana karɓo mabuɗin daga wata saba, wato kwamfutar da ke rarraba mabuɗin, da ba ka san mai ita ba. Yau ta yi aiki, gobe ana tsakiyar wasa hoto ya sandare. Ran da masu tashar suka canza kwaɗo, ko mai sabar ya rufe, shi ke nan, ba ka da wanda za ka riƙe. Ga kuɗin data, ga kuɗin sabunta akawun, ga saɓa doka. Na sha ganin magidanci ya shigo da irinta a leda bayan wata uku, ransa a ɓace, mai shagon da ya sayar masa kuma ya ce ai daga kamfani ne. Kada ka biya ko sisin kwabo a kan wannan alkawari.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, risiba ba ita ke kawo tasha ba. Tasha tana kan tauraro, can sama da kilomita dubu 35 a saitin tsakiyar duniya, kuma kowane tauraro da inda ake fuskantarsa. Eutelsat 16A yana digiri 16 gabas, can ne mutanenmu suka saba kama Arewa24. Arabsat yana digiri 26 gabas, Nilesat yana digiri 7 yamma, kuma a kan waɗannan biyun ake samun tashar Alƙur'ani ta Makka da tashar Sunna ta Madina. Astra mai digiri 28.2 gabas ya fi ɗaukar tashoshin Gana. Ka ga ke nan mai yiwuwa abin da yara ke so yana gefe guda, abin da Hajiya ke so yana wani gefen. Tashoshi kuma suna ƙaura, don haka kafin ka sayi komai, ka nemi mai haɗa dish na unguwarku ka faɗa masa sunayen tashoshin da ba za ku iya rasawa ba. Shi ya san inda suke a wannan watan, da girman dish ɗin da ke kama su a Funtuwa. Taurarin ƙasashen Larabawa ba mu aka saita wa ba, gefen haskensu muke tsinta, shi ya sa wasu tashoshinsu ba sa zama a ƙaramin dish, sai babba, wani lokaci mai mita 1.8.

In har tauraro biyu ko uku za ka haɗa, risibar tana buƙatar DiSEqC, wato tsarin da ke ba ta damar sauyawa tsakanin LNB da LNB ta waya ɗaya (LNB shi ne ɗan na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina). Mai lamba 1.0 yana ɗaukar guda huɗu, ya ishe ka. Ka duba kuma a menu akwai Blind Scan, binciken da risiba ke yi da kanta ta tono duk tashar da ke kan tauraro ba tare da ka san firikwansi ba. Ran da wata tasha ta canza wuri, shi zai hutar da kai kiran mai gyara.

Tun da sola kake amfani da ita, nemi risiba mai adafta a waje, mai cin volt 12. Wutar da take ja kaɗan ce ƙwarai, kuma idan wuta ta yi ƙarfi ta ƙona wani abu, yawanci adaftar ce ke tafiya, ka sayi wata da kuɗi ƙalilan. Mai wutar ciki kuwa sai an buɗe ta. Na buɗe da yawa, na tarar da kafasita sun kumbura kamar an hura su, saboda zafi da wutar janareto mai hawa da sauka. Zafin ma wani lokaci daga gida ne: an ɗora risiba a kan kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado don ƙura, ramukan shan iskarta a toshe, a watan Afrilu. A bar mata sarari ta sha iska.

Game da suna, Strong ya daɗe a kasuwannin Najeriya, masu gyara sun san cikinsa, remot ɗinsa ba ya wahalar samu. Amma farin jinin nasa ya jawo jabu da yawa, har kwali da tambari. Akwai Tiger da Starsat da wasunsu, a cikin kowanne akwai mai kyau akwai tarkace. Ni dai ba sunan nake fara bi ba. Ka ce mai shago ya jona ta a dish ɗin shagonsa a gabanka. Ka karɓi remot da hannunka ka yi ta canza tasha, ka ga ko tana jinkiri. Ka buɗe inda layuka biyu na sigina suke: na sama ƙarfi ne, na ƙasa kwaliti, kuma na ƙasan shi ne ke riƙe hoto. Ka bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar, sannan ka ɗora tafin hannu a kanta. Ɗumi ba laifi, amma in ta yi zafin da ba ka iya barin hannunka, mayar masa. Ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da ita, ya rubuta maka a rasit.

Sai ka ware wani abu daga kuɗin don waya. Shekara goma a rana da ruwa, da wuya wayar dish ɗinka ba ta tsattsage ba. Kwance kan da ke jikin LNB ka duba: in tagullar ciki ta yi baƙi ko kore, ruwa ya shiga. Ta wannan wayar ce risiba ke tura wa LNB wuta, volt 13 ko 18, kuma da hakan take zaɓen rukunin tashoshi. Waya mai tsatsa tana rage wutar, sai rabin tashoshi su ɓace a ɗora wa sabuwar risiba laifi. A sa RG6 mai kauri, a naɗe kan da tef sosai. LNB ɗin kuwa, in hularsa ba ta fashe ba kuma yana ba da kwaliti, bar shi. Ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama mai ƙarfi halin ƙananan dish ne, babu risibar da ke maganinsa, sai dai ƙarin girman dish da saiti mai kyau su rage shi.

A cikin ukun da aka nuna maka, ɗauki wadda ta haɗa DVB-S2 da H.265 da ramin AV da adaftar volt 12, ko da kwalinta ya fi sauran rashin ado. Ranar haɗawa, ka ce mai dish ya jera tashoshin da kuke kallo a farko, ya sa ta Harami a lamba 1, yadda Hajiya za ta danna maɓalli ɗaya ta same ta ko ba kowa a gida.